Babi na Shida: Gudawar da Ba Ta Jin Magani

A ƙasar Hausa gudawa ba ciwon da ake tayar da hankali a kansa ba ce. In ta kama babba, sai a ce wani abu ya ci da ya ɓata masa ciki. In ta kama yaro, sai a ce haƙori ne, ko yaye, ko kuma ya sha nonon ciki. A aika kemis a sayo Flagyl da kafso ɗin nan mai ja da rawaya, bayan kwana biyu ciki ya ɗaure, a yaba wa magani. Gaskiyar magana, a mafi yawan lokuta ko ba a sha komai ba gudawar za ta tsaya, domin jiki ne ya yi yaƙin, magani ya karɓi godiya. Ba a gane haka sai ranar da aka haɗu da gudawar da ta samu jiki babu mai tsaron gida. Ruwa ne tsagwaro, babu jini, sau goma ko fiye a yini. Mako ya wuce, wata ya wuce, an canza kemis, an canza mai magani, mara lafiya na ta zubewa har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Ɗaya daga cikin manyan masu haddasa irin wannan gudawa ita ce wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Kiriftosiforidiyam, a taƙaice kirifto. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne, maganinta na gaskiya shi ne garkuwar jikin mutum, saboda haka duk ƙoƙarin da bai nufi farfaɗo da garkuwar ko tare wa ƙwayar hanya ba, ɓata kuɗi ne da ɓata lokaci.

Kirifto ba tsutsar ciki ba ce, ba kuma bakteriya ba ce irin mai kawo kwalara ko taifot. Halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, 'yar dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wani masani Ba'amurke mai suna Ernest Tyzzer ne ya fara bayyana ta a shekarar 1907, a cikin tumbin ɓeraye, daga nan aka shafe kusan shekara saba'in ana yi mata kallon abin da ya shafi dabbobi kawai. A 1971 likitocin dabbobi suka danganta ta da zawon maruƙa, sai a 1976 aka fara ba da rahoton ta a jikin mutum. Tana fita cikin bayan gida a matsayin ƙwai mai ƙwanso mai tauri, ƙanƙane ƙwarai, wanda sai an jera kamar 200 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Ƙwan ba ya bukatar ya nuna a ƙasa kamar na wasu tsutsotsi. Yana fita da shirinsa na kama wani. Gwajin da aka yi wa masu sa kai a Amurka ya nuna cewa ƙwai 132 sun isa su kama rabin mutanen da suka haɗiye su, wasu nau'o'in ma goma sun wadatar. Shi kuwa mai ciwon yana iya zubar da miliyoyi a zuwa bayan gida sau ɗaya.

Da zarar ƙwan ya isa ƙaramin hanji sai ya fashe, 'ya'ya huɗu su fito su manne wa ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji. Wurin da suke zama abin mamaki ne: suna shiga ƙarƙashin fatar ƙwayar hanjin, amma ba sa nutsawa cikin cikinta, sai su gina wa kansu wani ɗan aljihu a bakin ƙofa, suna tsotsar abinci daga ciki. A nan suke hayayyafa, suna lalata 'yan yatsun hanji masu tsotse abinci da ruwa, har hanji ya koma yana zubar da ruwa maimakon ya sha. Abin da ya fi muni shi ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sababbin ƙwan da ake yi a ciki ƙwansonsu marar kauri ne, a cikin hanjin suke fashewa su sake kama mai su. Ke nan ƙwayar ba ta bukatar mutum ya sake shan gurɓataccen ruwa kafin ciwon ya ci gaba. Abu ɗaya ne ke yanke wannan zagaye, wato sojojin garkuwar jiki, musamman waɗanda ake kira CD4. Mai lafiya zai yi gudawa mako ɗaya ko biyu, sojojin su share hanjin, ya miƙe. Wanda ba shi da su, babu ranar tsayawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kirifto kan shiga ko bango bai tsage ba, amma sai a tsagaggen bango take tarewa.

Cutar kanjamau ce ta nuna wa duniya wannan. A 1982 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton maza 21 masu kanjamau da kirifto ta sa su gudawa mai tsanani wadda ta ƙi jin duk maganin da aka gwada. Daga baya aka fahimci tsarin: mai lafiya yana da CD4 daga 500 zuwa sama a ma'aunin da ake auna jini da shi, in suka sauko ƙasa da 100, kirifto ta zama zaunanniya, in suka gaza 50, tana iya sa mutum ya zubar da fiye da lita goma na ruwa a yini, ta kuma haura zuwa hanyoyin matsarmama ta toshe su. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gudawar kirifto da ta wuce wata guda cikin alamomin mataki na huɗu, wato na ƙarshe, na cutar kanjamau. Haka take yi wa wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan magungunan danne garkuwa, da mai sankara da ake yi wa ƙarin ruwan kashe ƙwayoyin daji.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga birnin Milwaukee na Amurka a watannin Maris da Afrilun 1993. Ɗaya daga cikin matatun ruwa biyu na birnin, mai jan ruwa daga tafkin Michigan, ta samu rauni wajen tacewa, ƙwan kirifto ya bi famfo ya shiga gidaje. An ƙiyasta mutum 403,000 suka kamu, kusan 4,400 aka kwantar a asibiti, maganin gudawa ya ƙare a kantuna. Ruwan nan an zuba masa sinadarin kulorin yadda doka ta tanada. Kusan duk waɗanda suka kamu sun warke da kansu. Waɗanda suka mutu sun haura hamsin, kuma mafi yawansu masu kanjamau ne. Ruwa ɗaya aka sha, ƙwaya ɗaya aka haɗiya, asibitoci ɗaya ake zuwa. Abin da ya raba mai jinyar mako biyu da wanda aka kai makabarta shi ne ƙarfin garkuwar jiki. Ba kuma a Amurka kaɗai ba: a 2010 irin wannan ta faru a garin Östersund na ƙasar Suwidin, inda kusan mutum 27,000 suka kamu ta ruwan famfo.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin Turawa ne da masu kanjamau, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari ne kawai na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar HIV, a Jamhuriyar Nijar ma abin bai kai haka ba. Me zai sa mu bar kwalara da zazzaɓi mu tsaya kan wannan? Amsar farko, in aka haɗa manya da yara, masu ɗauke da ƙwayar a Nijeriya a lokacin mutum kusan miliyan 1.9 ne. Amsa ta biyu ta fi nauyi: kanjamau ba ita kaɗai ke raunana garkuwa ba, ƙuruciya da yunwa ma suna yi. Tsakanin 2007 da 2011 an gudanar da wani babban bincike kan gudawar yara a wurare bakwai, a Gambiya, Mali, Mozambik, Kenya, Indiya, Bangladesh da Pakistan, aka duba yara sama da 9,000 masu gudawa mai tsanani aka kwatanta su da takwarorinsu masu lafiya. Da sakamakon ya fito a 2013, masana da dama sun yi mamaki: a cikin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kirifto ce ta biyu bayan ƙwayar rota, har a wuraren da kanjamau ba ta da yawa kamar Mali da Gambiya. Yaran da ke tsakanin wata 12 da 23 da aka same ta a jikinsu sun ninka sauran haɗarin mutuwa a watannin da suka biyo baya. Wani ƙiyasi na duniya ya ɗora mata mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 48,000 a shekarar 2016 kaɗai. Ita rota an samo mata rigakafi, Nijar ta fara yi wa yara a 2014, Nijeriya a 2022. Kirifto ba ta da shi.

Tsakaninta da tamowa akwai ƙawance mai kashe yara. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki garkuwarsa ba ta da ƙarfin korar ƙwayar da wuri. Ƙwayar kuma tana cinye hanjin da zai tsotsi ɗan abincin da ya samu. Binciken da aka yi a Peru ya nuna cewa ko yaron da ya kamu bai yi gudawa ba, girmansa yana ja da baya. A Gine-Bisau an ga yaran da suka kamu suna jarirai suna ci gaba da mutuwa fiye da sauran har cikin shekararsu ta biyu, kuma ciwon ya fi yawa a farkon damina. A ɗora wannan a kan alƙaluman gida: binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Abin da ya faru a Botswana a farkon 2006 darasi ne na musamman. Bayan ruwan sama mai yawa, gudawa ta ɓarke ta kashe yara kusan 500 cikin wata uku, kuma kirifto na cikin manyan ƙwayoyin da aka samu. Mafi yawan jariran da aka kwantar ba sa shan nonon uwa, madarar gwangwani ake dama musu, domin a lokacin ita ake ba wa iyaye mata masu HIV. Nonon uwa garkuwa ce ta aro, kuma ruwa ne da babu ƙwan kirifto a cikinsa. Al'adar ɗura wa jariri ruwa tun kwanakin farko, da sunan kada ƙishi ya kama shi, ita ce ke buɗe ƙofar da nono ya rufe.

To ina magani? Ƙwayar magani ɗaya ce tal hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan ciwo, sunanta nitazoksanid, tun 2002. A asibitin koyarwa na Lusaka da ke Zambiya aka gwada ta a kan yara masu gudawa, akasarinsu masu tamowa. Ta taimaka wa waɗanda ba su da HIV, ba ta yi wa masu HIV komai ba. Aka sake gwadawa da ƙarin yawa na tsawon kwana 28, sakamakon da ya fito a 2009 bai canza ba. A Malawi aka gwada kulofazimin, tsohon maganin kuturta da ya nuna alamar kashe ƙwayar a ɗakin gwaji, a kan manya masu HIV, shi ma ya gaza. Ma'anar wannan a fili take: maganin da ake da shi taimako kawai yake yi wa garkuwar da ke tsaye, ya fi amfanar wanda ko ba shi zai warke. Flagyl da kafson kemis kuwa ba sa taɓa kirifto ko kaɗan. Abin da ya tabbata yana tsayar da ita a jikin mai kanjamau shi ne magungunan rage kaifin HIV. Bayan da aka fara haɗa su uku-uku a 1996, gudawar kirifto ta kusan ɓacewa daga asibitocin kanjamau na Turai da Amurka, ba don an samo abin kashe ta ba, sai don CD4 sun dawo sun yi aikinsu.

Nan ne al'amarin ya dawo kanmu. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba duk mai HIV magani da zarar an gano, ba sai CD4 sun faɗi ba, kuma a asibitocin gwamnati na Nijeriya kyauta ake ba da shi. Duk da haka mutane da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, wasu kuma sukan fara sha su daina da zarar sun ji ƙarfi. Tsoron a gan ka a layin karɓar magani, da zargin sammu, da yawon neman maganin basir da na shawara, su ke cinye watannin da garkuwa ke ƙarewa a cikinsu. Babban da ya yi wata guda yana gudawa yana ramewa, gwajin HIV ya fi masa kowane kafso amfani, kuma ɗan'uwan da ya raka shi ya fi wanda ya rufa masa asiri ƙaunarsa.

Wani zai tambaya: tunda babu maganin kashe ta, mene ne amfanin wahalar da talaka da gwajin bayan gida? Tambayar tana da ƙarfi, amma amfanin uku ne. Na ɗaya, kirifto tana da 'yan'uwa biyu masu kawo gudawa iri ɗaya ga mai raunin garkuwa, Sistoaisosfora da Saikulosfora, kuma su suna jin Septrin sarai. Ba a bambance su da ido. Na biyu, sanin sunan ciwon yana tsayar da sayen magungunan kashe bakteriya barkatai, kuɗin ya koma ga abin da ke riƙe rai: ruwan gishiri da sukari na ORS, ƙarin ruwa in ya kama, sinadarin zink ga yara na kwana 10 zuwa 14, da abinci. Na uku, ganin ta a jikin babba mai daɗaɗɗiyar gudawa ƙararrawa ce cewa a binciki garkuwarsa. Gwajin kuma ba na ƙasashen waje ba ne. Duban bayan gida na yau da kullum, wanda ake neman ƙwan tsutsa da shi, ba ya nuna ta, shi ya sa takarda ke dawowa da cewa ba a ga komai ba. Amma in aka rina samfurin da irin rinin da ake neman ƙwayar tarin fuka da shi, da ɗan sauyi kaɗan, ƙwan yakan fito jajaye a ƙarƙashin madubin likita. Sau da yawa abin da ya rage shi ne likita ya rubuta cewa ita ake nema.

Saura tare hanya. Kulorin yana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot cikin mintoci, kada kowa ya daina amfani da shi. Amma ƙwan kirifto yana rayuwa fiye da mako guda a ruwan da aka zuba masa kulorin daidai misali, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi zafi ne: ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya. Za a ce gawayi da gas sun yi tsada, gidan da ke sayen jarka daga 'yan ga-ruwa ba zai iya tafasa ruwan mutum goma sha biyar ba. Gaskiya ne, ba kuma shi ake nema ba. Ruwan shan mara lafiya ɗaya da na yaron da aka fara ba koko bai wuce buta ɗaya ko biyu a yini ba, garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo ya isa ya tafasa shi. Inda aka fi yin asara shi ne bayan tafasawar, in aka juye shi a randar da kowa ke tsoma moɗa. A ajiye shi a mazubi mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa. A kuma daina ɗaukar kashin yaro a matsayin abin da ba ya cutarwa. Fo ɗin da aka ɗauraye a bakin rijiya, da hannun da ya yi wa jariri tsarki ya koma kan ƙullun koko ba tare da sabulu ba, su ne babbar hanyarta. Maraƙi ɗan kwanaki mai zawo yana zubar da ƙwan da yawa, mai raunin garkuwa ya nisance shi, amma binciken nau'o'in ƙwayar a Afirka ya nuna galibin kamuwar yara daga mutum ne zuwa mutum.

Akwai suka mai nauyi da ya kamata a saurara. Manyan gwaje-gwaje uku da aka yi a karkarar Bangladesh, Kenya da Zimbabwe, inda aka gina wa gidaje masai, aka ba su sabulu da abin tsaftace ruwa, ba su nuna ƙaruwar tsawon yara ba, a Kenya da Zimbabwe ma gudawa ba ta ragu ba. Shin wannan bai rushe maganar tsafta ba? Bai rushe ba, ya dai nuna iyakar ƙaramin gyara. Abin tsaftace ruwan da aka raba a duka ukun kulorin ne, wanda muka ga ba ya yi wa kirifto komai, kuma masai a gida ɗaya ba ya kare yaron da ke rarrafe a tsakar gidan da kaji da awaki ke yawo, a unguwar da maƙwabta ke fita daji. A Nijeriya, inda mutum sama da miliyan 40 ke bayan gida a fili, ruwan farko na damina yana kwashe abin da aka tara a rani ya kai rijiya da rafi. Wannan aikin gari ne da hukuma: matatar ruwa mai tacewa da gaske, bututun da ba ya ratsa kwata a fashe, da masai ga kowa.

Masu bincike ba su zauna ba. An daɗe ana fama da ƙwayar saboda wuyar rainonta a ɗakin gwaji, sai a 2015 aka samu hanyar sarrafa ƙwayoyin gadonta, a 2017 kuma aka bayyana wani sinadari da ya warkar da maruƙa. Amma daga maraƙi zuwa kemis ɗin ƙauye tafiyar shekaru ce, kuma ko maganin ya iso, zai tarar da yaron da tamowa ta riga ta cinye da majinyacin da ya ɓoye ciwonsa. Abin da ke hannu yau ya isa ya ceci mafi yawansu. Uwa ta shayar da nono zalla wata shida, mai HIV ma haka in tana shan maganinta. Gudawar yaro da ta kai mako biyu a kai shi asibiti, kada a jira haƙori ya fito. Babban da ya yi wata yana zawo ya yi gwajin HIV, wanda ke kan magani kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko yake jinyar sankara ya sha tafasasshen ruwa. Likita kuma, in takardar gwaji ta dawo babu komai alhali majinyaci na ƙarewa, ya sake aikawa ya rubuta sunan kirifto a kai.